Kilo 27 na zubar, 31 suka dawo

Makon jiya ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni bayan la'asar, nan gidanmu a Sharar Mansur da ke Makka. Sai da ya yi magana na gane shi. Sabuwar jallabiya ce a jikinsa, don tsofaffin duk sun yi masa yawa. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, kilo 24 cikin wata bakwai." Na yi masa barka har cikin zuciyata. Da na tambaye shi wurin motsa jikin da yake zuwa a Aziziyya, sai ya yi dariya ya ce, "Halas, Kawu. Ai na kai inda nake so. Kuɗin wata ya ƙare ban sake biya ba, ga biki ya matso." Na ajiye kofin shayin da ke hannuna. Wannan maganar ita na yi da bakina shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma har yau ina biyan kuɗinta da gwiwata ta hagu.

Ni ban tashi da ƙiba ba. Da ƙuruciya arabiyya, wato keken tura marasa ƙarfi, nake turawa a Harami, ina kai tsofaffi ɗawafi da sa'ayi. Wanda ya yi wannan sana'a ya san abin da nake nufi: tsakanin Safa da Marwa zuwa da dawowa sau bakwai kusan kilomita uku ne, kuma lokacin aikin Hajji sai ka yi shi sau biyar ko shida a dare ɗaya, da mutum a gabanka. A lokacin nakan ci tamis biyu da ful da safe, in ci bukhari da rana, in kwana da yunwa. Ko kaɗan ban taɓa kawo wa raina cewa ƙafa ce ke cinye abincin ba. Na ɗauka haka Allah ya yi ni.

Da na samu tuƙi, sai ci ya ci gaba yadda yake, tafiya kuwa ta mutu. Makka zuwa Jidda, Jidda zuwa Madina, ga lemo mai sanyi a gefen kujera. Cikin shekara goma sha biyu na kai kilo 118. Ranar da likita ya duba takardar jinina ya ce ina bakin ƙofar ciwon suga, tsoro ya kama ni, domin shi ya yi ajalin mahaifinmu bayan an yanke masa ƙafa. Na yanke shinkafa, na yanke lemo, kullum bayan sallar asuba na taka daga gida har Misfala na dawo. Wata takwas, kilo 27. Na sauko 91.

Daga nan ne na yi wautar. Na ɗauki tafiyar nan kamar maganin da likita ya rubuta na kwana kaza, ka shanye ka yar da kwalbar. Na cusa takalmin ƙarƙashin gado. Uwargida ta ce, "Alhaji, yau ba za a fita ba?" Na ce mata an gama.

Amma a yi mini adalci. Bazara ce ta shigo, kuma wanda bai zauna Makka ba ba zai gane zafin da ya haura 45 ba, inda ko da dare ƙasa ke hucin rana. Ramadan ya zo, dare ya koma rana, ga sambusa ga lukaimat a kowane faranti. Aka shiga Hajji, ina tuƙi awa goma sha huɗu, ina kwana cikin mota. Yara shida ne a wuyana da kuɗin haya. Wa zai ce da mutumin da ke wannan hali ya tashi ya yi yawon awa guda? Har yau in na tuna nakan ce ba laifina ba ne duka. To amma Hajji ya wuce, sanyi ya shigo, Muharram ya wuce, Safar ya wuce, takalmin na nan inda yake. Wannan kam ba rana ce ta hana ni ba. Na ga ciki ya fara turo riga, na ce ruwa ne. Na daina hawa sikeli don kada in ga abin da na riga na sani. Shekara biyu da 'yan watanni na tsinci kaina a 122, sugan da na guda kuma ya same ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ban koma cin da nake yi da ba. Wallahi ban koma ba. Sai daga baya 'yata, wadda ta karanta aikin jinya, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce jikin da ya rame ba ya ƙona abinci kamar yadda yake yi da, don ya ƙanƙance, kuma tare da kitsen har tsoka takan tafi. Sinadarin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi, wanda kitse ke fitarwa, yakan ragu, na yunwa kuma ya ƙaru, abin kan daɗe a haka. Ta ba ni labarin binciken da aka buga a Amurka a 2016 kan mutum 14 da suka zubar da ƙiba mai yawa a wata gasar talabijin. Bayan shekara shida yawancinsu nauyin ya dawo musu, jikinsu kuma na ƙona kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 500 ƙasa da yadda ya kamata a kowace rana. Da aka sake duba su, waɗanda suka fi riƙe ramarsu su ne waɗanda suka fi motsa jiki. Ta kuma ce akwai wani kundi da aka buɗe can tun 1994, na mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 suka riƙe shi shekara guda ko fiye. Kusan tara cikin goma na motsa jiki kimanin awa guda a kullum, kuma mafi yawansu tafiya ce kawai, irin wadda na yar. Na ce mata, "Me ya sa ba wanda ya gaya mini?" Ta ce, "Baba, Umma ta gaya maka."

Na zauna da niyyar in jero wa ɗan ƙanwata da tsararrakinsa shawarwari goma. Da na ɗauki alƙalami sai na ga ba su kai haka ba.

Kada ka daina. Ranar da sikeli ya nuna maka lambar da kake so, washegari ka fita kamar jiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Wanda ya taɓa ƙiba ya rame, ya nufi 300 ɗin, kada ya tsaya a 150. Kuma kada ka ɗauka tafiya za ta wanke maka faranti. Awa guda kana taku, abin da za ka ƙona wajen kalori 300 ne, gwangwanin lemo biyu sun mayar da shi. Baki ne ke sauke nauyi. To kuma ga ni, na kama bakina iya ƙoƙarina, nauyin ya dawo saboda na zauna. Duka biyun gaskiya ne, ka riƙe su yadda za ka iya.

Ku kuwa yaran yanzu, wallahi kuna ba ni haushi. Masallaci na bayan gida, sai an tada mota. Abinci sai a danna waya a kawo har bakin ƙofa, shi ma a aiki ƙane ya karɓo. A 2017 aka ɗora wa lemon kwalba harajin kashi 50 a nan Saudiyya, ban ga hannun ɗayanku ya saki gwangwani ba. Wannan ya je an yanke masa tumbi, wancan yana soka allurar rage ƙiba duk mako, an rame a wata shida, an ɗauki hoto an watsa, ba mai tambayar shekara ta uku. Ban ce aikin tiyata ko allura haramun ba ne, akwai wanda su ne suka ceci ransa, kuma likita ya fi ni sani. Amma shi ma wanda aka yi wa, ƙafarsa tana nan, ba a yanke ta ba. Kuna da wuraren motsa jiki masu sanyi, mata ma an buɗe musu nasu, ga titin masu tafiya a bakin teku a Jidda, ga Harami da sanyinsa dare da rana. Mu da muka yi namu a kan kwalta mai zafi ba mu samu ko rabin wannan ba.

Na ce ka hau sikeli duk Juma'a, don da na yi haka da na kama abin tun yana kilo uku. Sai dai kada ka mai da sikeli alƙali. Ni yanzu shekara huɗu ke nan da komawa tafiya, na tsaya cik a 103, ya ƙi sauka, amma suga ya kwanta, barci ya gyaru, ina iya sujada ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Da lamba kaɗai nake bi, da tuni na sake cusa takalmin ƙarƙashin gado.

Shi ɗan ƙanwar tawa, na ce masa in kuɗin ne ya yi nauyi saboda biki, ni zan biya masa wata uku. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya saka, Kawu, bari dai a gama hidima." Na san wannan amsar, ni ma ita na ba uwargida. Na gaya wa uwarsa ran Asabar bayan asuba zan tsaya a ƙofarsu, ta tashe shi ko da ruwa ne. Gwiwata ba ta kai Misfala yanzu, iyakata masallacin da ke gangare in juyo, minti arba'in. Can zan kai shi.