Gidan Kawu a bayan Rikkos

Da hantsi muka taso daga Bauchi, kafin azahar mun sauka a tashar Bauchi Road. Rabona da Jos ya fi shekara goma. Kawu ya bar Dilimi ya yi gini can bayan Rikkos, kwatancen da ya yi mini a waya kuwa shi ne: "In ka ga dutse ka tambaya." A Jos! Ina ne babu dutse?

Na tari keke, muka fara ratsawa ta cikin gari in yi tsaraba. Wajen Masallacin Juma'a layukan na nan yadda na san su, a miƙe, suna gitta juna kamar gidajen dara. Wata motar kaya ta tare hanya, mai keken ya karya kwana ya ɓulla ta layin gaba, ko minti biyu ba mu ɓata ba. Tun zamanin haƙar kuza aka shata wannan yanki, lokacin da jirgin ƙasa ke zuwa daga Zariya: a fitar da titi tukuna, sannan a zo a yi gini.

Muna wuce Rikkos labari ya sha bamban. Kwalta ta ƙare. Hanya ɗaya ce tal, duk lungun da ya ɓalle daga jikinta a katangar wani yake mutuwa. Sau uku muna juyowa.

"Malam, nan gida ne ke riga hanya zuwa," in ji mai keken. "Mai gona ya yanka fili ya sayar, wa zai bar wa titi ko taku biyar?"

Da gaskiyarsa, amma da saura. Bayan rikicin 2001 da na 2008 kowa ya koma cikin nasa, unguwanni suka cika suka tumbatsa, aka hau duwatsu, aka gangara har bakin rafi. Ambaliyar 2012 a irin waɗannan gidajen ta yi ɓarna.

Can na hango Kawu a kan tudu yana ɗaga mini hula. Jifa ɗaya ce tsakaninmu, amma ga kwazazzabo ba gada. Muka yi zagaye na kusan rabin awa, kuɗin keke ya ninka.

Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, ta ina motar bulo ta shigo?"

Ya nuna mini wani baro da ke jingine a zaure, tayarsa ta lanƙwashe.