Littafin da ke aljihun Yaya

Lahadi, bayan sallar isha'i.

An ci mu ɗaya mai ban haushi yau, karo na uku ke nan a jere, amma da cin ne kaɗai da tuni na yi barci. Abin da ya tsaya mini a rai magana ce da wani dattijo ya yi a bayana lokacin da alƙalin wasa ya busa tashi, wadda na so in amsa nan take, sai girman furfurarsa ya sa na haɗiye. Cewa ya yi, da murya mai ƙarfi don kowa ya ji: "Mutumin da bai taɓa buga rukunin farko ba, ko ƙafa bai taɓa sawa a filin Seyni Kountché ba, me zai koya wa yara?" Da Yaya yake, yayana, wanda shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu, filin da ya ambata kuwa shi ne babban filin wasa na Yamai. Mutane biyu ko uku suka yi dariya, ni kuma na ɗauki babur ɗina na fice ba tare da na yi wa kowa sallama ba.

Da hantsi ranar ta fara da daɗi. Inna ta ba ni fura in kai wa Yaya, na tarar da shi a kan tabarma ya miƙe ƙafar hagu, ya ɗaure gwiwar da tsohon ƙyallen nan nasa, yana lissafin kuɗin ruwan leda da na kabu-kabun yaran da ke zuwa daga nesa. Jaka huɗu suka rage masa, ya ware uku, ya miƙa wa matarsa ɗaya, ita kuwa ta karɓa ba ta ce komai ba.

Gaskiya ne Yaya bai taɓa buga rukunin farko ba. A Maradi, garin da kowane yaro ke tashi da sunan ƙungiyoyin Jangorzo da Dan Kassawa a bakinsa, shi ya yi shekara goma sha biyu yana tsaron baya a ƙananan ƙungiyoyi, yana shiga motar haya a cunkushe zuwa Tasawa da Dakwaro da Madarunfa, wani lokaci har Damagaram, ya buga a filin da babu ko tsinken ciyawa, ya dawo da dare ƙafafunsa duk ƙuje. Sau ɗaya aka kira shi gwaji a wata babbar ƙungiya a Yamai, ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 da kuɗin da Inna ta samu bayan ta sayar da akuya, ya dawo bayan kwana goma bai ce wa kowa uffan ba. Gwiwar da ta raba shi da wasa kuwa mai ɗori ne ya duba ta, domin ƙungiyar ba ta da abin kai shi asibiti. Duk wannan na san shi, kuma dattijon ma ina jin ya san shi, shi ya sa maganar ta yi mini zafi.

Akwai abin da ya faru a wasan yau da babu wanda ya fahimta a cikin 'yan kallo, har da ni. Da aka tafi hutun rabin lokaci Yaya ya cire ɗan gabanmu, yaron da ya fi kowa gudu, filin ya kaure da ihu ana cewa koci bai san aikinsa ba. Sai da daddare, da na koma gidansa, ya buɗe mini ƙaramin littafin da yake yawo da shi a aljihun rigarsa, mai bangon shuɗi da ya yi laushi saboda gumi. A gaban sunan kowane ɗan wasa ya rubuta lambar da yake bugawa, da unguwarsu, da sana'ar da yake yi, da wanda yake ciyarwa. A gaban sunan wannan yaro an rubuta cewa dako yake yi a kasuwa. Yaya ya ce tun a minti na ashirin ya ga yana dafa ƙugu yana buɗe baki, ya gane cewa ya wuni yana sauke buhunan wake kuma bai sa komai a cikinsa ba, ya ce da ya bar shi cikin wannan iskar hunturu da ƙura da sai an ɗauke shi ranga-ranga. Ya san haka ne domin shi ma ya sha buga wasa da yunwa.

A nan ne na gaya masa abin da dattijon ya ce. Na zaci zai ɓata rai, amma sai ya ci gaba da zuba shayi ya ce, "Ai bai yi ƙarya ba." Raina ya ƙara ɓaci, na shiga jero masa misalai kamar shi ne ya yi maganar. Na ce Jurgen Klopp ya yi daga 1990 zuwa 2001 yana buga wa Mainz a rukuni na biyu na Jamus, bai taɓa buga babbar gasar ƙasarsu ba, amma da ya zama koci shi ne ya ɗauki kofin wannan babbar gasar sau biyu da Dortmund, ya ɗauki na zakarun Turai da Liverpool a 2019. Na ce Hervé Renard a ƙananan ƙungiyoyin Faransa ya ƙare wasansa, har aikin shara da goge-goge ya yi lokacin da ya fara horarwa, amma shi ya ci kofin Afirka da Zambiya a 2012, ya sake ci da Kwaddibuwa a 2015. Na tuna masa cewa a waccan gasar ta 2012 ce Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta fara zuwa, kuma ɗan gida ne, Harouna Doula, ya kai mu, bayan mun doke Masar ɗaya da nema a Yamai da ƙwallon Moussa Maazou.

Yaya ya bar ni sai da na gaji, sannan ya miƙo mini kofi ya ce, "Duk na sani, amma ka tsallake wurin da ya fi muhimmanci a labarin Klopp." Ya ce a 2002, lokacin da Klopp ke horar da ita, Mainz ta rasa hawa babban rukuni da maki ɗaya, a 2003 ta sake rasawa da bambancin ƙwallo ɗaya, kuma masu ƙungiyar ba su sallame shi ba, sai a 2004 suka hau. Ko da suka faɗo a 2007 ma ya ƙara shekara guda yana riƙe da su. "Mutumin nan an ba shi lokaci," in ji shi, sannan ya yi shiru yana juya kofin a hannunsa.

Daga nan ya gaya mini cewa Alhaji, mai ƙungiyar, ya kira shi bayan magariba. Ya ce idan aka sake cin mu ranar Lahadi mai zuwa zai nemo wani, kuma har ya fara magana da wani tsohon ɗan wasan da ya taɓa bugawa a waje, wanda a cewarsa sunansa kaɗai zai cika fili. Wata bakwai ke nan da Yaya ya karɓi ƙungiyar, rabin yaran shi ya tsinto su a filayen unguwa, kuma kuɗin kwas ɗin da ya je Yamai ya yi don samun lasisin horarwa daga aljihunsa suka fito. Ba na ganin laifin mai ƙungiya idan yana son nasara, tun da shi ke sayen riguna da ƙwallaye, amma ban ga yadda za a yi shuka a watan Yuni a ce a yi girbi a Yuli ba. Wanda za a kawo zai iya fin Yaya iya sarrafa ƙwallo nesa ba kusa ba, sai dai zai ɗauki watanni kafin ya san wane yaro ne ke zuwa atisaye a ƙafa daga bayan gari, wane ne mahaifinsa ke kwance ba lafiya.

Ban gaya wa Inna ba tukuna, kuma na roƙi matar Yaya kada ta gaya mata.

Da zan tafi ya rako ni har bakin zaure yana ɗingishi, ya yage takarda daga littafin ya rubuta mini sunayen yara biyu da ke Tibiri. Ya ce in ɗauko su a babur gobe bayan sallar asuba, domin atisaye ƙarfe shida da rabi ne, kuma in tsaya a hanya in saya musu ƙosai da koko kafin mu iso.