Shagon gem a Gusau: mai wasa shi kaɗai, da masu wasa ta intanet

Sana'ata haya ce. Ina da shago a Tudun Wada, cikin Gusau, da 'yan talabijin jere a bango, kowace da na'urar PlayStation a ƙarƙashinta. Mutum ya biya, ya zauna, ya buga, lokacinsa ya cika ya tashi. Jarina na'urorin ne, sai hannuwan gem masu saurin lalacewa, sai janareto. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk lissafin shago daga tankin janareto yake farawa.

Masu shigowa iri uku ne, ko da yake a waje ana maganar iri biyu kawai: mai son wasan labari shi kaɗai, da mai son karawa da mutane ta intanet. Na ukun, wanda shi ne yake ciyar da ni, su ne abokai biyu a benci ɗaya, kowa da hannunsa, suna ƙwallo. Tun zamanin PlayStation 2, wato PS2, haka abin yake. Sunaye ne suke canzawa: PES na kamfanin Konami ya koma eFootball a 2021, FIFA na kamfanin EA ya koma FC a 2023, amma yaro har gobe cewa zai yi, "Oga, sa mana bal." Wasa gajere ne, mutum biyu ne a allo ɗaya, wasu na tsaye suna jiran layi suna zuga. Doka ɗaya na kafa a kansa: ba a ajiye kuɗi a kan wasa. Duk wanda na ga ya fara, na kashe allon, don caca ba za ta shigo mini ta wannan ƙofa ba.

Mai wasan labari kuwa, in ta kuɗi za a bi, shi ne mafi ƙarancin riba. Ya riƙe allo guda shi kaɗai, ya daɗe, hannu na biyu yana ajiye. Duk da haka shi na fi so in gani. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da ke zuwa da hantsi, lokacin da shago ba kowa, su ci gaba daga inda suka tsaya a God of War na 2018, labarin Kratos da ɗansa Atreus da suka ɗauki tokar mahaifiyar yaron za su kai ƙololuwar dutse. Irin wannan mutum ba ya ihu, ba ya buga hannu da ƙasa. Abin da yake nema a wurina ɗaya ne: kada wani ya goge masa abin da ya adana. Saboda haka kowa na buɗe masa sunansa daban a na'ura, kuma yaron shagona ya san taɓa sunan wani laifi ne babba. Sai dai ba kowane wasan labari nake sa wa kowa ba. Wasan Grand Theft Auto, wato GTA, na manya ne, shekara 18 aka rubuta a jikin faifansa, don haka ɗan firamare ko ya zo da kuɗinsa ba zai gan shi a nan ba.

Wasan intanet shi ne ya canza kasuwar, kuma ta waya ya shigo mana. Free Fire ya fito a 2017, PUBG na waya a 2018, Call of Duty na waya a 2019. A PUBG mutum 100 ake zubawa a tsibiri, a Free Fire 50, wanda ya rage a ƙarshe shi ya ci. Saukarwa kyauta ne, Free Fire kuma ko ƙaramar waya tana ɗaukarsa. Samari da yawa da na sani da zaman benci sai suka koma gindin bishiya, su huɗu huɗu, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Ban ga laifinsu ba. Kwamfuta in ka daɗe da ita ka gane dabararta, mutum kuwa ba ka san abin da zai yi ba, kuma yaron Gusau ya doke wani da ke Indiya ko Masar abin alfahari ne a wurinsa.

Amma ni da nake biyan kuɗin kaya na san abin da wasan intanet yake ci. A PS4 da PS5, yawancin wasannin da ake saye sai da rajistar PlayStation Plus kafin a kara da mutane, kuma da kuɗin waje ake biya. Sabuntawa ɗaya tana iya lashe gigabayit masu yawa, ga shi a farkon 2025 an amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Sannan ga jinkiri. Duk abin da ka danna sai ya tafi wata kwamfuta mai nisa ya dawo kafin ɗan wasanka ya motsa. In sabis ya yi rauni, kai kana ganin ka riga shi harbi, can kuma tuni an kashe ka. Yaro ya juyo ya ce, "Yaya, hannun nan ya lalace," alhali hannu lafiyarsa ƙalau. A irin wannan karawa, wanda layinsa ya fi ƙarfi sau da yawa shi ke cin wanda ya fi iyawa, kuma wannan yana ci mini rai, don na ga yara masu basira suna zaton su ne ba su iya ba.

Akwai kuma batun salla. Wasan labari ana tsayar da shi, a je masallaci a dawo a tarar da shi yadda aka bar shi. Ƙwallon mutum biyu ma haka. Na intanet ba ya jiran kowa: ka tashi, a kashe ka, abokan ƙungiyarka su yi fushi, makinka ya ragu. Ni kuwa in an kira salla rufe shago nake yi. Shi ya sa nake gaya wa masu intanet kada su fara sabon zagaye in lokaci ya matso.

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni ba kira ba data. Wasannin waya na intanet duk suka mutu a hannun masu su. A lokacin nan shagona ya cika da fuskokin da na daɗe ban gani ba, har tsofaffin faifan PS2 na kakkaɓe. Wasu a nan suka fara ɗanɗana wasan labari, kuma da sabis ya dawo kaɗan daga cikinsu suka ci gaba da zuwa don ƙarasa abin da suka fara. Mafi yawa sun koma wayoyinsu.

Yanzu tsarina shi ne: allo ɗaya kacal na haɗa da intanet, kuɗinsa ya fi na sauran, kuma nakan faɗa wa mai so halin da sabis yake ciki kafin in karɓi kuɗinsa. Masu waya na sa musu benci a baranda da wurin caji, suna biyan ɗan abu kaɗan. Allo ɗaya na can ƙurya na ware wa masu labari daga safe zuwa azahar. Sauran duk na ƙwallo ne, kuma kuɗin da nake tarawa yanzu na ƙaro batir da faifan sola ne, don man janareto ya daina cinye ribar yamma.