Godiya Bayan Gasar Ces ta Yara a Katsina

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an yi gasar ces (wasan allo mai kama da dara) mai sauri ta yara 'yan ƙasa da shekara 14 a cikin garin Katsina, an tashi lafiya. A madadin kwamitin shirye-shirye, muna godiya ga iyayen da suka ba mu amanar 'ya'yansu, musamman waɗanda suka yo sammako daga Daura da Dutsin-Ma, da makarantar da ta ba mu aron zaure da tebura. Allah Ya saka da alheri.

Masu ba mu aron agogo, ku ne ƙashin bayan wannan taro. Minti 15 aka ba kowane yaro, ana ƙara masa daƙiƙa 10 duk lokacin da ya taka ya danna agogon, don haka wasa mai taku 40 yakan kai kusan minti 45. Da wannan lissafi muka yi zagaye biyar, uku kafin Azahar, biyu bayanta, a tsarin Suwis: ba a fitar da kowa, wanda makinku ya zo ɗaya shi za ka kara da shi.

Alƙalanmu, sannunku da tsayuwa. Mun ga yadda kuka bi allo-allo kafin a fara, kuna duba farin gida yana kusurwar dama, kowace sarauniya tana kan launinta. Mun kuma ga haƙurinku da masu kuka. Yawancin yaran da suka faɗi ba rashin iyawa ya kayar da su ba, gaggawa ce. Wani ya taɓa doki ya so ya janye hannu, alhali abin da ka taɓa shi za ka taka. Wani ya bar sarkinsa cikin hari ya danna agogo. Wanda ya bar sarkinsa haka, karon farko ana ƙara wa abokin karawarsa lokaci, karo na biyu kuwa wasa ya ƙare. Wanda ya fi ba mu tausayi shi ne mai sarauniya a hannu, ya toshe wa sarkin abokinsa duk hanya ba tare da hari ba, nasara ta koma canjaras.

Malamai masu horarwa, mun gode, kuma ga roƙonmu: ku riƙa sa su atisaye da agogo, ko na waya ne, hannun da ya taka shi zai danna. Ku kuma maimaita musu kamun sarki ta amfani da sarauniya ko hasumiya har su iya shi cikin minti guda.

Iyayenmu mata da suka kawo zoɓo da ruwan sanyi, Allah Ya raya muku zuri'a.