Idan gwaji ya saɓa wa lissafi, wa za a tuhuma?

Ɗalibin fizikis yakan shiga ɗakin gwaji da tunanin cewa in awo ya saɓa wa abin da aka lissafa, to nazariyyar ta faɗi. Pierre Duhem, masanin kimiyyar zafi ɗan Faransa da aka haifa a Paris a 1861, ya nuna a littafinsa na 1906 cewa abin bai kai haka sauƙi ba. Shi kansa ya sha ɗacin jayayyar masana. An ƙi kundin farko da ya rubuta don digirin dokta saboda ya ci karo da ra'ayin Marcellin Berthelot, masanin sinadarai mai faɗa a ji a lokacin, kuma bai taɓa samun kujerar koyarwa a Paris ba. A Bordeaux ya koyar daga 1894 har rasuwarsa a 1916.

Hujjarsa ita ce, ba a taɓa gwada ra'ayi ɗaya shi kaɗai. Mai karanta ma'aunin zafi ba zafi yake gani ba, tsayin zaiba yake gani a cikin gilashi. Kafin ya kira wannan digiri, ya riga ya yarda da dokar kumburin zaiba da ta gilashin, ya yarda kuma an saita ma'aunin daidai. In sakamako ya karkace, gwajin ya ce akwai ɓaraka a wani wuri cikin wannan tarin, amma bai nuna wurin ba.

Da tafiyar duniyar Yuranus ta saɓa wa lissafin dokar Newton ta ƙarfin janyowa, masanin taurari ɗan Faransa Le Verrier bai taɓa dokar ba. Ya zargi ƙidayar duniyoyin, ya lissafa inda wata take ɓoye, aka ga duniyar Neftun daga Berlin a Satumban 1846. Ya maimaita dabarar a kan duniyar Mekuri, wadda ita ma tafiyarta ta saɓa wa lissafi, ya ce akwai wata duniya kusa da rana. Babu ita. A nan dokar ce da kanta ta gaza, sai a 1915 Einstein ya warware saɓanin na sakan 43 na kusurwa a kowace shekara ɗari.

Misalin da ya fi amfanar mai aiki da na'ura shi ne na OPERA, wani gwajin fizikis a Italiya. A Satumban 2011 masu gwajin suka sanar cewa niyutirino, wasu ƙananan ƙwayoyi da ba su kai atam ba, da aka harba daga cibiyar bincike ta CERN kusa da Geneva zuwa ɗakin gwaji na Gran Sasso a Italiya, tazarar kusan kilomita 730, sun riga haske isa da nanosakan 60 (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan), abin da nazariyyar Einstein ta ce ba zai yiwu ba. A Fabrairun 2012 aka gano cewa wayar haske da ke kai siginar GPS ga babban agogo ba ta ɗauru sosai ba, tana jinkirta siginar. Akwai kuma matsala ta biyu a bugun agogon, mai jan sakamakon zuwa ɗaya ɓangaren, don haka kuskure ɗaya ya rufe wani yanki na ɗayan. Wannan shi ya sa gyara abu guda a ga lamba ta matso kusa da abin da ake tsammani bai isa hujja ba.

A aikace, kafin a fara awo a rubuta duk abin da aka ɗauka gaskiya ne, har da tsawon waya da ranar da aka saita kowace na'ura. In saɓani ya fito, a fara da abin da ya fi sauƙin dubawa: a auna abin da aka riga aka san ƙimarsa, a sauya sassa ɗaya bayan ɗaya, ba biyu a tare ba, sannan a nemi wata hanyar awo da ba ta dogara da kayan farko ba. Na'urar ICARUS, a wuri ɗaya da OPERA amma da tsarin lokacin da wani ɓangarensa ya bambanta, ba ta ga wani rige ba.

Duhem ya yarda cewa babu ƙa'idar da za ta faɗa maka ranar da za ka daina yi wa nazariyya faci, sai dai basirar gogaggen masani. Nan ne, a ganina, raunin maganarsa yake, don basirar takan kuskure. Shi kansa ya ƙi yarda da samuwar atam har ya mutu, duk da gwaje-gwajen da Jean Perrin ya fara a 1908 masu nuna samuwarsa, ya kuma yi watsi da nazariyyar Einstein.