Asid ya cinye mana rabin tsakuwar kunnen kifi

Har yanzu raina yana ɓaci idan na tuna. Laka ce ta gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun zamanin Mayosin, miliyoyin shekaru da suka wuce, da ƙyar muka haƙo ta muka cika buhuna don neman burbushin kifayen da suka rayu a cikinsa. Wanda aka ba aikin jiƙa ta a ɗakin gwaji ya saba da neman haƙora da ƙasusuwa, sai ya zuba wa rabinta asid ɗin asetik, wato asid ɗin da ke cikin binega, ba tare da ya tambayi kowa ba. Ga haƙori hakan daidai ne, domin da ma'adinin fosfet aka yi shi, asid mai rauni ba ya cin sa. Tsakuwar kunnen kifi kuwa, wato ɗan dutsen da ke cikin kunnensa, ma'adinin aragonayit ce, dangin alli, da ta ji asid sai ta yi kumfa ta narke. Da na duba rariyar, haƙora ne da guntayen ƙaya, babu tsakuwa ko ɗaya.

Sauran rabin ni na karɓe shi da hannuna. Na shanya lakar ta bushe ƙayau, na jiƙa ta da ruwa da ɗan haidirojin feroksaid, sinadarin da ke warware laka, na tace da rariya mai ido rabin milimita. A ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ga tsakuwoyin birjik, yawancinsu ba su kai milimita 2 ba. Murna ta kama ni, takaici ya biyo baya, don yanzu na san yawan abin da ya tafi a wancan rabin.

Kifi mai ƙashi yana da tsakuwa uku a kowane kunne: sajita, lafilus da astariskus. A yawancin kifaye sajita ce babba, kuma kwarin da ke cikinta shi ke faɗa maka jinsin kifin. Tun 1884 masanin burbushin halittu Ernst Koken ya kafa wannan hanya a Jamus. Amma a dangin kifin kaf (carp) da tarwaɗa, waɗanda suka cika ruwan daɗi, sajita siririya ce mai saurin karyewa, lafilus ce ta fi tsira. Namu kusan duk lafilus ne. Wanda ya saba da tsakuwar kifin teku zai wuce su yana zaton yashi ne.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ƙayar kifi da ta warwatse ba kasafai take nuna jinsi ba, tsakuwa kuwa tana nunawa. A St Bathans ta ƙasar Niyu Zilan, da irin wannan tsakuwa aka gano kifayen Galaxias da suka rayu a tafkin Manuherikia shekara miliyan 19 zuwa 16 da suka wuce. Idan aka yanka tsakuwar kuma, za a ga zobba kamar na kututturen itace, a ƙirga shekarun kifin, a auna isotof na iskar oksijin, wato nau'o'inta masu bambancin nauyi, a kimanta ɗumin ruwan. Asid ya share duk wannan a dare ɗaya.

Yanzu kafin kowa ya taɓa laka, sai na fasa dunƙule na duba ko akwai ɓawon ƙananan dodon koɗi da bai lalace ba. Su ma aragonayit ne, in sun tsira to da alama tsakuwar ma ta tsira. Irin wannan buhu da kaina nake rubuta masa BA A SA ASID, ciki da waje, kuma ni nake tsayawa a kansa har a gama tacewa.