Kifin da ke gane gida da hanci

Jiya da la'asar na tarar da tarwaɗa 11 sun juya ciki sama a ramin da nake kiwo a Kabala. Wallahi raina ya ɓaci. Ƙanina mai karatun ilimin halittu ya same ni zaune jugum, ya ce, "Yaya, masu kiwon kifin salmon a ƙasar Norwe ma ƙwarƙwatar teku na yi musu ɓarna, amma su bincike suka sa a gaba."

Sai ya shiga ba ni labarin kifin, har na manta da baƙin cikina. A ruwan rafi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo rafin nan dai ya zuba ƙwai. Warin ruwan yake bi. Tun shekarun 1950 wani masanin halittu mai suna Arthur Hasler ya gwada haka a Amurka: da aka toshe wa kifayen hanci, da yawansu suka ɓata hanya. Ikon Allah! A 2016 kuma masana suka fitar da tsarin ƙwayoyin gadon salmon na Tekun Atlantika.

Ni kuwa ban taɓa kai ruwan ramina gwaji ba. Gobe da safe, in Allah ya yarda, zan cika kwalba in kai.